Kofin da Ya Yi Ƙiba

Kusan shekara arba'in shagona na kafinta yana jingine da nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ban taɓa jin ya yi maganar da ta kai minti biyu ba. Aikinsa zana suna a jikin ƙarfe: allon ƙofar ofis, lambar gida, zobe. Yana da mata ɗaya, 'ya'ya mata uku, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da waya. Mutanen layi Baban Kofi suke ce masa, saboda kofin gasar ces ta ƙasa, darar nan da ake yi da sarki da doki a kan allo mai baƙi da fari. Shi bai iya ta ba. Har yau dokin ma "jakin nan" yake ce masa.

Wani ma'aikacin gidan waya ne ya fara gasar, da mutum takwas da tebur huɗu na aro, a barandar ofishinsu. Da ya rasu, abokansa suka sayo kofin tagulla don tunawa da shi, suka kuma kafa doka. Duk wanda ya ci, zai ɗaga kofin sama da kansa, ya taka har gaban matar marigayin, ya durƙusa ya ajiye. Bayan nan a kai wa Baban Kofi ya zana sunan gwanin a gindin kofin.

Gindin ya cika a shekara shida. Ya leƙo shagona ya ce, "Ƙanena, yanko mini katako mai faɗin faranti." Na yanko na maɗaci mai kauri, ya naɗe shi da tagulla, ya ɗora kofin a kai. Bayan wata shekara shida aka ƙara wani hawan, ya fi na sama faɗi. Gasar ta bar baranda ta koma babban zaure, 'yan wasa suka haura ɗari biyu, kofi kuma yana ta ƙiba. Da ya kai hawa biyar ya kawo mini ƙugu, sai a baro muke tura shi.

Bara wani siririn malamin lissafi ne ya ci. Ya ɗaga kofin har ƙirji, bayansa ya ce ƙas. Sati biyu ya yi a kwance, sai juya shi ake yi.

Wannan ne ya kawo mana Ciyaman ɗin kwamitin gasa, lauya ne, mutumin da gaisuwarsa kaɗai ta isa a dafa shayi a shanye. Ya shigo da hoton wani kofin gilashi a wayarsa.

"Baba, abin nan ya tashi daga kofi ya zama gini. Ko dai ka cire hawa uku na tsofaffin sunaye, ko mu kai shi sito mu sayi wannan."

"Sunayen fa?"

"Sai mu buga su a takarda mai kyau, mu rataye."

Baban Kofi ya dube shi ta saman tabarau. "Ranka ya daɗe, goma sha ɗaya a cikinsu sun mutu. An binne su sau ɗaya, ya isa."

Ciyaman ya yi bayani mai tsawo a kan zamani da lafiyar 'yan wasa. Ni dai na ci gaba da goge ƙafar kujera. A ƙarshe ya ce, "To, bana in wanda ya ci ya kasa ɗaga shi sama da kansa, magana ta ƙare. Kada ka ce ban gaya maka ba."

 Washegari da safe Baban Kofi ya kwance kofin hawa ɗaya bayan ɗaya, ya ɓare tagullar a hankali kamar mai cire wa jinjiri riga, ya turo mini katakan nan biyar.

"Rarake su."

"Yaya, duka?"

"Fata kawai za ka bar musu."

Sati uku muka yi a kai. Ni da cizil ina rarakar ciki har katakon ya koma kamar kwano, shi kuma ya zare sandar ƙarfen da ke tsakiya ya sa bututun alminiyam. Ya mayar da kowace tagulla inda take, ko harafi ɗaya bai ƙwarzane ba. Da muka gama na ɗaga kofin da hannu ɗaya. A ido kuwa yana nan yadda yake, jibgege.

"Mu gaya wa Ciyaman?"

"In ya tambaya."

Bai tambaya ba. Mu kuma ranar rufe gasa muka turo shi a baro kamar kullum, don ba mu san wata hanyar kai shi ba, muka ɗora a tebur da kanmu. Bai zo mana a rai ba cewa akwai wani daban da ya kamata ya sani.

Wanda ya ci bana direban tanka ne, ƙato, wuyansa kamar turmi. Ashe tun da ya ji labarin malamin lissafi yake ɗaga tukwanen gas biyu kowace safiya, matarsa ta ce ya fi ba su lokaci a kan allon ces ɗin. Ya zo gaban tebur ya naɗe hannun riga. Ya ware ƙafafu, ya tofa yawu a tafi, ya ja numfashi har kumatunsa suka kumbura. Zaure ya yi tsit. Ciyaman ya gyara tsayuwa, wayarsa a hannu.

Direba ya sunkuya ya fizga da duk ƙarfin da ya tara na wata shida.

Kofi ya tashi kamar an harba shi. Ya kuɓuce masa, ya daki fankar silin, fanka ta yi ƙara ta tsaya. Direba ya yi zaman daɓaro a ƙasa, kofin ya dawo ya faɗo masa a cinya, kunnen kofin ɗaya a lanƙwashe.

Ba wanda ya motsa, sai matar marigayin. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, kowa Inna yake ce mata. Ta fashe da dariya har tana dukan hannun kujera, sannan zauren ya ɗauka. Direba ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya ɗaga kofin sama da hannu ɗaya, ya taka gabanta ya durƙusa.

Ta share hawaye ta ce, "Ɗana, duk shekarun nan kai kaɗai ka yi ƙoƙarin kai wa mai shi har can sama."

Ciyaman ya zagayo ta bayanmu. "Baba, me ya hana ka faɗa mana?"

"Ka ce a ɗaga. An ɗaga."

Daga nan ya hau mumbari ya yi jawabin minti ashirin a kan hangen nesan kwamitinsa wajen kare kayan tarihi. An tafa masa. Ni ban tafa ba, hannuna duk kanta ce.

Kofi yana nan, hawa biyar, ba sunan da ya ɓata. Baban Kofi ya zana na direban a ƙarƙashin na malamin lissafi. Ya so ya miƙe kunnen, Inna ta aiko jikarta ta ce kada ya kuskura ya taɓa. Fankar kuwa, an kafa ƙaramin kwamiti ya duba lamarinta. Da aka yi wata guda ba su zauna ba, muka ɗauki tsani ni da Baban Kofi ranar wata Talata, muka je muka miƙe ta. Tana juyawa, sai dai tana ɗan kuka.