Gyaɗa Ba Ta da Dami

Ɗakin Iya, kakata ta wajen uba, shi kaɗai ne wuta ba ta mutuwa a cikinsa a gidanmu, rani da damina. Cewa take gwiwoyinta ne ba sa shiri da sanyi. Da an ci tuwo bayan magariba sai mu tattaru can, ni da ƙannena da yaran maƙwabta, hayaƙin kara yana sa mu hawaye, ita kuma tana kan tabarma tana kaɗin zare. Ni ta fi tsokana.

"Ga mijin nan nawa ya shigo hannu rabbana," in ji ta. "Ilu, ko ɓarin goro babu? Wallahi sai na kai ka ƙara Karaye."

Sai in ce ai tun jiya na sake ta, a yi ta dariya.

Gidanmu gidan makaɗan noma ne, a wani ƙauye gab da Fulatan a ƙasar Rogo. Babana, Mati, shi ke kaɗa gangar noma, kamar yadda ubansa ya yi. Duk wanda ya tara gayya, Baba ne zai riga kowa zuwa gonar. Yana bin bayan manoma kunya bayan kunya da ƙatuwar ganga a rataye, yana kiran kowa da kirarinsa har na kakansa. Saurayin da ya gaji ya dafa ƙugu, da ya ji an ambaci sunansa sai ka ga ya sunkuya kamar an tsikare shi. Baba bai da wata gonar kirki, 'yar ta bayan gida ce kawai. Mutumin da ke bin gayyar jama'a tun daga noman fari har maimai, yaushe zai noma tasa?

Ladansa kuwa a kaka yake fitowa. In an yi girbi an ɗaure gero da dawa, duk wanda Baba ya kaɗa wa sai ya bar dami a bakin gonarsa, ta wajen hanya. Ba a cewa ga shi, ba a cewa an gode. Baba ya bi da jaki ya kwashe. Da wannan hatsin muke cin shekara, ba mu da wani.

Sai aka shiga lokacin da Turawa ke yaƙi a can ƙasarsu. Umarni ya zo daga hakimi a Karaye cewa Bature yana son gyaɗa, a shuka ta da yawa. Manyan gonakin da aka saba yi wa gayya duk aka mayar da su na gyaɗa. Gero aka tura shi 'yan gonakin gefe, mata da yara suna lallaɓa shi. Baba bai ga wani abu a cikin wannan ba. Gayya dai gayya ce a wurinsa, ya ɗauki gangarsa ya bi su.

Akwai wani yammaci cikin marka da ba na mantawa. An wuni ana yayyafi, Baba ya dawo daga gayyar Sarkin Noma Barau, muryarsa ta dushe, kafaɗarsa ta sale inda igiyar ganga ke zama. Ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin Iya daga waje, yana shan ɗumin wutar. Shi ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, magana ma sai dai ta bi ta kan wani. Ta ajiye mazarinta, abin da ba ta saba yi ba.

"Ga wata nan ta tsaya a ƙofa," in ji ta, yadda ta saba buɗe tatsuniya.

Muka haɗa baki, "A ce ta shigo!"

Wai a wani gari ne da ba su da zakara. Akwai wani ɗan tsuntsu, shi ke ta da su da asuba, ya kuma bi su gona yana yi musu waƙa. Iya ta sirantar da murya ta rera mana: "Masu gona ku miƙe, raɓa ta sauka, ni na miƙe." In kaka ta yi aka yi sussuka, ba sa share masussuka, sai su bar masa tsabar da ta zube. Ita yake tsinta har wata damina. Wata shekara mutanen garin suka ce sun gaji da hatsi, gwaza za su shuka. Tsuntsu ya yi musu waƙa kamar kullum, har ya fi na kullum. Da lokaci ya yi suka tone gwazarsu suka kai ɗaka. Tsuntsu ya sauka a masussuka, wayam, ko ƙwaya. Ya koma kan reshe ya ci gaba da waƙa, yana cewa mantuwa ce, gobe za su tuna. Wata safiya yara suka tsince shi a gindin bishiya, ƙafafu a sama.

Nan ta tsaya. Muka zuba mata ido muna jiran saura.

"To Iya, sai me ya sami mutanen garin?" in ji ƙanwata.

"Me kuwa zai same su? Suka dafa gwazarsu suka ci suka ƙoshi."

Kai! Ranar mun yi mata bore. Wace irin tatsuniya ce wannan? Mu mun saba mugu ya faɗa rijiya, ko ƙasa ta tsage ta haɗiye shi. Na ce ta gyara, ta ce ba ta gyarawa, haka ta same ta. Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji a waje, idonta yana kan wuta.

"Da tsuntsun nan yana da uwa, da ta ce masa ya tambaya tun kafin ya buɗe baki."

Baba ya yi gyaran murya. "Ilu, gaya wa mai tatsuniya mutanen garin nan ba haka suke ba. Tare muka yi wasan ƙasa da su."

Iya ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Ni a lokacin haushina kawai shi ne an ɓata mana hira.

Kaka ta yi, gyaɗa ta yi kyau ba kaɗan ba. Aka cire, aka ɓare, aka ɗura a buhuna, jakuna suka yi ta jigila zuwa wajen sikeli. Baba ya ɗaura wa jakinsa mangala ya fita da safe. Da la'asar ya dawo, jakin yana tafe sakayau a gabansa. Washegari ya sake fita, ya bi har gonakin da ke wajen Rogo Ruma. Haka ya dawo. Mahaifiyata ta leƙa rumbu ta sauko, daga ranar tuwon rana ya ɗauke a gidanmu.

Baba ya kai magana gaban dagaci, a ƙofar gidansa, gari duk ya taru. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata.

"Ranka ya daɗe, na bi bakin gonaki ban ga komai ba. Na ce ko mantuwa ce."

Sarkin Noma Barau ne ya amsa. Mutumin da Baba ya yi wa kirari har muryarsa ta tafi.

"Allah ya ba ka nasara, mu ba mu taɓa al'ada ba. Abin da muka gada shi ne a bar wa makaɗi dami. To a nuna mini damin gyaɗa, yanzun nan in ba shi. Gyaɗa a buhu take, buhu kuwa ya hau sikeli."

"To a auna mini a ƙwarya," in ji Baba. "Ko a ba ni daga geron."

"Geron da mata suka noma? Ka kaɗa masa?"

Wasu suka yi dariya. Daga can bayan taro wani ya ce, yadda kowa zai ji, wai dama kiɗa ai ba aiki ba ne, roƙo ne, wanda ya ga dama ya bayar. Baba ya juya yana neman mai maganar. Ya zame rigarsa daga kafaɗa ya nuna musu wurin igiyar ganga, baƙi ƙirin, ya yi kanta. Ba wanda ya kalla. Dagaci ya daɗe yana wasa da carbinsa, sannan ya ce, "Mati, a yi haƙuri. Shekarar ce ta zo da haka."

Ban taɓa jin na tsani wata kalma kamar yadda na tsani haƙurin nan ba.

Kafin tsakiyar rani rumbunmu ya ƙare. Wasu samari za su tafi ƙasar Jos aikin haƙar kuza, Baba ya ce zai bi su. Mutumin da bai taɓa riƙe shebur ba! Ya rataye gangar a zaure, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Iya ya yi mata sallama. Ta ce, "Ilu, ka ce Allah ya tsare." Na faɗa. Ya shafa kaina ya tafi.

Sau ɗaya ya aiko mana da saƙo. Bayan nan shiru, har hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sai wani mutumin Rogo Ruma ya iso da hular Baba da bargonsa. Ya ce sanyin can ne ya kama masa ƙirji, a cikin ruwa suke wuni suna haƙa, kuma an yi masa sutura yadda ta dace. Mahaifiyata ta faɗi tana kuka. Iya ba ta yi kuka ba. Ta karɓi hular ta ɗora a cinya, ta ce, "Mati." A rayuwata ranar na fara jin sunan a bakinta. Ba ta sake yi mana tatsuniya ba, ko mun roƙa sai ta ce ta manta su.

Damina ta sauka, aka tara gayyar farko a gonar Sarkin Noma ba ganga. Samari suka yi ta jan ƙafa, kafin azahar rabi sun zame. Barau ya sake tarawa, haka aka yi. Sai ya aika garin Kwanyawa aka ɗauko wani makaɗi. Baƙon ya zo da jakinsa, ya tsaya a bakin gari ya ce ba zai taɓa fatar ganga ba sai an faɗi abin da za a ba shi, kuma a hannu. Nan take aka buɗe rumbuna. Gero aka ɗora wa jakinsa, a gaban kowa, da hannun Barau. Babu wanda ya ce gyaɗa ba ta da dami. Ranar muna tsakar gida muna shan kunun dusa, kiɗan yana shigo mana ta kan danga.

Yau na wuce shekarun Baba nesa ba kusa ba, na yi jikoki. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa rashin sani ne, cewa mutanenmu ba su gane kiɗa aiki ba ne sai da suka rasa shi. Da wannan tunanin na iya gaisawa da su a masallaci shekara da shekaru. Amma ƙarya nake yi wa kaina. Sun sani sarai, tun ranar da suke dariya a ƙofar dagaci sun sani. Baƙon Kwanyawa bai fi Baba iya kiɗa ba, ko kusa. Shi dai zai iya juya jakinsa ya koma garinsu. Baba kuwa nasu ne, tare suka tashi, sun tabbata ko an ba shi ko ba a ba shi ba, da an tara gayya zai zo.