Awa Shida na Mushe Iro

Kun dai san kawuna Iro, wanda duk unguwar Yantala ke kira Mushe, wato malam da Faransanci. Ka shiga gidansa da salula a hannu, kafin ya amsa sallama ya fizge ta yana tambayar ƙarfin batirinta. Ya tsufa yana koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne tak: bai taɓa faɗin awoyin da batiri zai yi aka ƙaryata shi ba.

Wani mai talla ya taɓa kawo masa fitilar caji, yana rantsuwa tana kwana uku. Kawu ya tsuguna ya yi lissafi a ƙasa da tsinke.

"Awa huɗu."

"Wallahi, Alhaji, kwana uku!"

"In ba a kunna ta ba, ai har shekara ma tana yi."

Ran da aka ɗauke kuran, wato lantarki, ana shirin wa'azi a masallacinmu, aka jona lasifika da batiri. Kawu ya leƙa, ya raɗa wa liman: "Malam, minti arba'in gare ka, ka fara da Aljanna." Liman ya yi biris da shi. Yana tsakiyar azabar kabari lasifika ta yi ɗif. Sai Kawu ya kwatsa "Allahu akbar!" Jama'a suka ɗauka wa'azi ne ya ratsa shi. Ina! Agogo yake kallo.

Bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka kawo masa injin iskar numfashi gida. Wata azahar kuran ya tafi, muka mai da injin kan batiri. Matarsa, Tanti Hadiza, hannunta sai rawa yake.

"Mushe, zai kai yaushe?"

"Awa shida. Je ki ɗora girki."

Ta fita hankali kwance, tunda Mushe ne ya faɗa. Ni kuwa na duba: volt sha biyu sau amper ɗari, a raba da wat ɗari huɗu. Da ranƙwashi ya koya mini wannan lissafi.

"Kawu, ai uku..."

"Rufe mini baki, sakarai! Ba ka ga hannunta ba? Maza ka tafi unguwar Bobiel, ka ciro batirin gidanka, irinsu ɗaya ne. Uku da uku nawa?"

"Shida."

"To, wa ya yi ƙarya?"

Na hau moto ina dariya, kafin in kai Bobiel kuka nake yi. Sai da aka yi awa biyar kuran ya dawo. Wata biyu bayan haka Kawu ya cika.

Har yau Tanti tana gaya wa masu zuwa gaishe ta: "Da ya ce shida, ko gezau ban yi ba." Don Allah, kada wanda ya gaya mata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yi masa sauƙi kamar yadda ya yi mata ran nan. Amin.