Bunyaminu, Ga Kakanka

A shekarar samun 'yancin kai, Malam Namadi yana fiton fatake a kogin Kwara, daga Illo zuwa Dahome, wadda Faransa ta yi wa mulki. Makaranta ta nemi izinin kai ɗansa Bunyaminu gidan tarihi, inda aka ce ana nuna biri ne kakan mutum. Abokan sahun Namadi a masallaci suka ce yaron zai dawo ba imani.

Namadi ya ce, "Kullum ina ƙetarawa ƙasar Faransa, ban dawo Bafaranshe ba. Shi tafi shi gani."

Bunyaminu ya dawo da sallarsa, yana kwaikwayon tafiyar biri ana dariya. Daga baya sanƙarau ya ɗauke shi. Har tsufan Namadi, in ya hangi biri a gaɓa, sai ya sassauta tuƙi, ya ce a hankali, "Bunyaminu, ga kakanka."