Takun da ke Ɓacewa a Saman Ɗakina

Ku matso kusa, muryata ba ta kai nisa yanzu. Akwai wani tsoro da na taɓa ji a cikin gidana, wanda har yau in na tuna yadda ya ƙare sai in yi hamdala, in yi dariya ni kaɗai.

Ni mutuniyar gida ce. A Jidda aka haife ni, a unguwar Madain Fahd na tsufa, kuma duk jiragen da ke sauke alhazai a garin nan ban taɓa taka ko ɗaya ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ɗakina shi ne na ƙarshe a sama, daga shi sai rufin bene inda muke shanya, wanda a nan ake ce wa suɗuhu. Duk wanda ya hau, ta takunsa nake gane shi. Surukata jan silifa take. Ɗana, wanda ba zan kama sunansa ba tunda ɗan fari ne, yana taka ƙasa kamar da ita yake faɗa. Jikata kuwa takun kyanwa gare ta.

Jikar nan ita ce ƙawata a gidan. A shekarar ta gama sakandare, aka shiga jiran wurin ƙarin karatu, jiran ya ƙi ƙarewa. Yarinyar da ke cika gida da surutu, rabi Larabci rabi wata Hausa tata mai ɗingishi, sai ta koma shiru. Ta tsakuri abinci, ta shige ɗaki ta rufe.

Sai aka fara gudun. Bayan la'asar, lokacin da iskar teku ke shigowa unguwa, in ji ƙofar suɗuhu ta buɗe. Takun kyanwa ya tafi can wajen tankin ruwa. Sannan gudu, da ƙarfi, ya nufi katangar da ke kallon titi. Sai takun ya ɓace. Wannan ɗan ɓacewar, da bai kai numfashi guda ba, shi ke tsayar mini da zuciya. Can in ji dim, ta dira. Ta koma ta sake. Haka har dab da magariba, lokacin da mu tun muna yara aka hana mu tsayuwa a sarari, balle budurwa ita kaɗai a saman bene. Katangar nan kuwa iyakarta ƙugu. Ba sai na faɗa muku abin da raina ya yi ta kawo mini ba.

Maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan ce, tagarta na kallon suɗuhunmu. Ta shigo wata safiya da butar gahawarta, ta zauna ta gyara lulluɓi.

"Hajiya, ba tsegumi ya kawo ni ba," in ji ta. "Da idona na ga 'yar nan. Ta buɗe hannuwa, abaya na kaɗawa, ta yi tsalle. Jiya ma mayafi ta jefa sama, ta tsaya tana kallonsa har ya sauko, tana murmushi ita kaɗai. Ga magariba ta kawo kai. Ku nema mata ruƙiyya tun da wuri."

Ba da mugunta ta faɗa ba, amma magana ba ta tsaya a ɗakina ba. Ta kai kunnen uban. Shi direba ne a wani gida a Abhur, can bakin teku, kullum a gajiye yake dawowa, kuma idan ya tsorata fushi yake yi. Ya shigo ɗakina da sabon kwaɗo a hannu.

"Ummi, gobe zan kulle suɗuhun nan. Wayar ma zan karɓe, in kai ta wurin malam. Halas, magana ta ƙare."

Na san unguwarmu. Yarinyar da aka ce an kai wurin malam don aljanu, sunan ba ya goguwa, har ranar da za a zo neman aurenta sai an tono shi. In kuma ciwon a zuciya yake, kulle ƙofa ba zai cire shi ba. Na ce masa, "Ba ni goben. In na kasa, ka kulle."

Gwiwoyina sun daɗe da hana ni matakalar suɗuhu. Ranar na hau ta, ina yi ina zama. Na tura ƙofa a hankali. Ga wayarta a jingine da gwangwanin fenti, ga ita ta taho a guje ta yi tsalle. Abin da na fara lura da shi, inda ta dira da nisa tsakaninsa da katanga. Daga ƙasa kunnena ne ya matsar da ita.

"Sitti, me ya kawo ki? Gwiwarki fa." Sitti take ce mini, kamar yadda yaran nan ke kiran kakanninsu.

"Gwiwata na gaishe ki. Ke ina za ki ne, kullum kina tashi ba kya isa?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na zauna a kan bokitin wanki na ce, "Ƙawata, dube ni nan. So kike ki faɗa ƙasa?"

Ta kalli katanga, ta kalle ni, sai na ga fuskarta ta canza. Ta durƙusa ta riƙe hannuna. "La wallahi, ya Sitti. Wallahi a'a. Wannan kuke tunani?"

Ta ɗauko wayar ta nuna mini kanta tana tsalle a hankali, kamar a cikin ruwa. "Shufi, kalli bakin abayar. Ni na tashi, ita tana baya. Sai na fara saukowa take kumbura. Shi nake so in iya zanawa."

Muka sauko ɗakina ta kunna mini wani fim na zane, irin na mutanen Japan. Ni na san katun tun 'ya'yana na ƙanana, masu magana da Larabcin littafi, amma a wurina hayaniya ce da ke zaunar da yara in samu in yi girki. Ta ce wannan daban ne, in zauna in kalla.

Wani tsohon masunci ne ya ɗaura wa kwalekwalensa fukafukan yadi. Kafin a kai ga tashi sai da aka ja ni doguwar hanya. Na ga yadda yake ɗaga buta daga wuta, hannunsa ya ɗan karkata don nauyinta. Na ga ya sa takalmi yana nishi irin nawa. Ciyawar tudu ta kwanta, ta miƙe, ta sake kwantawa, ba duka lokaci guda ba, sashe-sashe, yadda iska ke bi ta kan shanya. Na ce mata, "Wai duk wannan da hannu aka yi?" Ta ce yawanci da hannu, zane bayan zane, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa. Ta ce su mutanen suna son tashi sama ƙwarai, a finafinansu da wuya ka rasa wani a cikin gajimare, wani a jirgi, wani a bayan tsuntsu, wani haka kawai da rigarsa. "Amma sai sun sa kin ji nauyin mutum tukun, ya Sitti. In ba ki yarda yana da nauyi ba, ya tashi ma ba ruwanki."

Da kwalekwalen ya fara gangarowa daga tudu, sai na rufe ido, don ni da kunne nake kallo. Kiɗa na tafiya, katako na kuka, duwatsu na gurzar ƙasan jirgin. Sai komai ya ɗauke. Ba kiɗa, ba gurza. Can sai yadi ya yi fat, iska ta cika shi. Na buɗe ido, tsoho na sama, teku a ƙarƙashinsa. Shirun nan na san shi. Shi ne wanda nake ji a saman ɗakina, tsakanin gudu da dira. Ashe abin da ke neman kashe ni da tsoro, su da gangan suke ajiye shi a wurin, don a nan daɗin yake.

Sannan ta nuna mini nata, da kunya. Gajere ne, ba launi, ba sauti. Wata tsohuwa ce ta ba da baya tana shanya. Iska ta shiga zanen da ke hannunta, ta ɗaga ta a hankali, ta wuce da ita saman tankunan ruwa da farantan tauraron ɗan'adam na unguwa.

"Wace ce wannan mai gwamen ƙafa?" na ce.

"Wata ce a unguwar Sharafiyya."

"Ta Sharafiyya da ɗaurin ɗankwalina? Allah ya shirye ki."

Ta ce sauti ne ya gagare ta. Na ce wannan kuma a gida yake. Muka jiƙa zane na kaɗa shi kusa da wayar, muka sa kujerata mai kuka ta yi kukanta, na hura iska a bakin tulu. Inda tsohuwar ta bar ƙasa kuwa, mu biyu muka yi shiru.

Uban ya dawo bayan magariba, kwaɗon na aljihunsa. Na ce ya zauna, muka kunna masa fim ɗin 'yarsa. Ya kalla fuska a ɗaure. Da tsohuwar ta dafa ƙugu kafin ta ɗaga zanen, sai ya ce, "Wannan ai Ummi ce." Ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya juya ga 'yarsa. "To ita ina za ta haka?"

"Teku, ya Baba."

"Da ta biyo ta Abhur na rage mata hanya." Ya share ido da bayan hannu, wai fanka ce ta hura masa ƙura. Ya kafa sharaɗi: ta sauko kafin kiran salla, kuma ta juya gudun ya nufi tanki, ba katanga ba. Kwaɗon yana nan a ƙofar sito. Maƙwabciyata da ta ga fim ɗin ta yi istigfari, ta ce in an zo zana ta a rage mata jiki.

Jiran karatun bai ƙare a ranar ba, kuma akwai kwanakin da ƙawata ke tashi ba walwala. Amma yanzu tana shigowa ta faɗa mini. Bayan la'asar har yau nakan ji gudun, in ji takun ya ɓace, sai in ajiye carbina in jira dirarta ina murmushi.

Ku fa, akwai wani motsi a gidanku da kuka daɗe kuna ji ta bayan bango kuna fassara shi da kanku? Kun taɓa hawa ku tambayi mai shi?