Goɗiyar da Ta Shinshina Malfa

Iya, mahaifiyar babanmu, ba ta yi mana tatsuniyar gizo. Tata duk ta dawaki ce. A wajen Doguwa aka haife ta, a gidan mai kiwon goɗiyoyi a fadama, kuma har aure ya kawo ta ƙauyenmu kusa da Ba'awa, har ta tsufa a cikinsa, ba ta daina auna mutane da dawakin ubanta ba. Bayan girbi, da an idar da sallar isha'i, takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta ta tura dankali cikin toka. Mukan cika wurin, jikoki da 'ya'yan maƙwabta, ana ture-ture a kan wanda zai zauna a jikinta. Kullum ni ce nake samu. "Matso, ƙawata," take ce mini, "sauran nan ai 'yan cin dankali ne."

Ina da shekara tara ko goma Hansai, 'yar maƙwabtanmu, ta faɗi a bakin rijiya. Farfaɗiya ce. Ina wurin da tuluna. Na ga jikinta yana fizga, kumfa tana fita daga bakinta, na ga manyan mata sun watse sun saki guga a rijiya. A garinmu kowa ya yarda cewa duk wanda ya taɓa wannan kumfa, ko ya tsallake ta, to ya ɗauka. Aka koma nesa aka kewaye ta ana salati. Iya ce ta ratsa mutane ta janye yarinyar daga bakin rijiya, ta ɗora kanta a cinya, ta share mata baki da gefen zaninta.

Ba wanda ya zage ta. Da ma zagin aka yi, da ta rama, don bakin Iya ba ya ciwo. Sai dai aka daina aikowa sayen daddawarta. In ta je suna, a ware mata kwanonta. Mahaifiyata ta kira ni ɗaki ta kama kunnena ta ce, "Ki gaishe ta, uwar ubanki ce. Amma kada ki kuskura ki ci abin hannunta."

Iya ta ci gaba da hura wutarta. Yara suka yi ta raguwa, har wata rana na je na tarar ni kaɗai ce. Ban zauna a jikinta ba. Na zauna a ɗaya gefen, wuta tana tsakaninmu. Ta dubi inda na saba zama, ta dube ni.

Ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, ƙawata. Za ki tare ta?"

Na ce, "Ta iso, Iya."

Wai wani garken dawaki ne da mashayarsu ɗaya tak a rani. Wata rana wani matafiyi ya manta malfarsa a kan kututture a bakin ruwan, iska tana kaɗa ta. Da garken ya iso, sai na gaba ya tsaya cak, ya ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa. Ya yi huci ɗaya, duk suka juya suka zuba a guje, har waɗanda suke baya da ba su ga komai ba. A nan Iya takan buga gwiwarta da tafin hannu tana kwaikwayon kofato, amma ran nan ba ta buga ba.

Ta ce doki ba ya gudu ya ɓace. In ya yi ɗan nisa sai ya tsaya ya juyo yana kallon abin. Haka suka dunƙule wuri guda, ƙanana a tsakiya, su matso kaɗan, malfa ta motsa, su sake watsewa. Kwana biyu suna wannan, ƙishirwa tana cin su. Ingarman garken, mai yawan haniniya, shi ne ya fi kowa nisa da ruwan.

Rana ta uku wata tsohuwar goɗiya ta fita daga cikinsu. Ba kai tsaye ta tafi ba. Ta kewaya ta dama, ta kewaya ta hagu, har ta miƙa wuya ta shinshina malfar. Ta ture ta da hanci, ta faɗi ƙasa. Kaba ce kawai da warin gumin mutum. Ta sa baki ta sha ruwa, sauran suka gani, suka ruga suka sha har suka ƙoshi. Amma da ta zo shiga cikinsu, sai suka ji warin malfar a hancinta. Suka kwantar da kunnuwa, wannan ya cije ta, wancan ya harbe ta. Daga ranar a bayan garke take kiwo ita kaɗai.

Na ce, "Iya, ai ita ta ba su ruwa."

"Ita ce. Doki ba mugu ba ne, ƙawata, tsoro gare shi. Sai dai harbin mai tsoro da na mugu duk ciwonsu ɗaya a haƙarƙari."

Ta tone dankali, ta ɓare, ta hura, ta miƙo mini ta saman wuta. Na karɓa da gefen zanina. Da na ga kamar ta sunkuya gyaran kara, sai na sake shi a bayana. Da safe na hango ta tana shara. Ta tsaya a kan dankalin, ta ɗauka, ta jefa wa kaji.

Ban sake komawa ba, don kunya ta fi ƙarfina. Ta ƙara hura wutar kwana huɗu ko biyar, sannan ta daina. Damina biyu bayan haka ta rasu. A ciwonta, Hansai ce take zuwa tana share mata ɗaki.

Na girma, na yi karatu, ma'aikatan asibiti sun faɗa mini da bakinsu cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta kumfa ko ta taɓawa. Shekaru ina ba 'ya'yana wannan tatsuniya a matsayin ta jarumta, ina nuna musu kamar ni jikar goɗiya ce. Na daɗe kafin na yarda cewa ba darasi Iya take koya mini a daren nan ba. Roƙona take yi, ni kaɗai da na rage mata, kuma na ji haushin kaina fiye da yadda na taɓa jin haushin mahaifiyata.

Bara ina tashar Kiru ina jiran mota ta cika, wata budurwa ta faɗi a gabana. Na san duk abin da ya kamata a yi. Kafin in tuna da shi, ƙafafuna sun riga sun ja da baya tare da na kowa. Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ce ta ajiye farantinta ta durƙusa, ta tallafi kan yarinyar har ta farfaɗo. Da ta koma wurinta, na ga mutane suna kauce wa farantin. Na je na ce, "Sannu, Iya," na sayi ƙulli biyu, na shiga mota ina ganin na yi wani abu.

Sai bayan mako guda, ina neman makulli a jakata, na ci karo da gyaɗar. Ko ɗaya ban kwance ba.