Ƙwayar Hawan Jinin Surukata

Shekarun baya, ina sabuwar amarya a Dutse, maigidana ya ɗauke ni muka je Kiyawa gaida iyayensa. Ina da asma tun ina ƙarama. Shi ya sani, amma na roƙe shi kada ya faɗa wa danginsa, don ba na so a ce ɗansu ya kwaso mai lalura. Inhelata, wato abin da nake fesawa a baki in ƙirjina ya riƙe, a can ƙasan jaka nake ɓoye ta, naɗe cikin ɗankwali.

Da muka isa, maza suka zauna a zaure, ni kuma na shiga wajen surukata, wadda kowa ke kira Inna. Tana tuƙa tuwo a murhun itace. Na ce ta kawo muciyar, ta ce, "Ke 'yar birni, zauna abinki." Na dage, wai ni mai tarbiyya. Itacen kuwa ɗanye ne, hayaƙi kamar ana ƙona bola. Kafin tuwon ya haɗu na ji ƙirjina ya fara kukan nan nasa. Na saci jiki na shiga banɗaki na yi ta fesawa, fiye da yadda aka ce min, don dai ya yi shiru da wuri.

Numfashi ya dawo, amma sai zuciyata ta kama bugawa, hannuna na rawa. Inna ta lura lokacin da nake kwashe tuwo.

"'Yar nan, me ya sami hannunki?"

"Ba komai, Inna. Kaina ne ke ɗan ciwo."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko na'urar awon jini da ɗanta ya saya mata, ta ɗaura min a dantse. Ta ƙura wa lambobin ido ta ce, "Na faɗa! Jininki ya hau. Ni ma haka nawa ya fara, da bugun zuciya." Ta ɓallo ƙwaya ɗaya daga cikin maganinta ta miƙo min da kofin ruwa.

Raina bai so ba. Amma ta yaya zan mayar da hannun surukata? Ni da ko ruwa ba na iya sha a gabanta sai na juya baya. Na durƙusa, na karɓa da hannu biyu, har da "Allah ya saka da alheri."

Bayan la'asar muna zaune da Inna a tabarma, sai na ji kamar an ɗaure min ƙirji da igiya ana ja. Ba irin wanda na saba ba ne. Na jawo jaka, na zazzage komai a gabanta, na fesa, na sake fesawa, kamar iska nake fesawa. Gyalena ya faɗi, ɗankwali ya bi shi. Inna tana salati tana tambayata mene ne wannan abin a hannuna.

Da ɗan numfashin da ya rage min na kwarma ihu na kira maigidana. Da sunansa na yanka. A gidan ubansa, a gaban uwarsa, mahaifinsa da abokansa dattawa suna zaure suna ji. Kuma shi ne ɗan fari. Haka aka fito da ni ta gabansu ba lulluɓi, ƙafa ba takalmi, aka saka ni a adaidaita sahu.

A asibiti aka sa min abin numfashi a fuska. Da na dawo hayyacina, likita ya tambayi abin da na sha. Inna ce ta kwance bakin zaninta ta miƙa masa ragowar maganin. Ya duba ya girgiza kai. Ya ce a cikin magungunan hawan jini akwai waɗanda ke tsuke hanyar numfashin mai asma, su kuma hana inhela aiki yadda ya kamata, kuma wannan yana cikinsu. Bugun zuciyar da na ji, in ji shi, yawan fesawar da na yi ne ya kawo shi. Ya ce in riƙa zuwa ana auna jinina, amma kada in ƙara haɗiyar maganin wani.

Sai ya juya wajen Inna ya ce, "Hajiya, kin san tana da asma?"

Inna ta juyo ta dube ni. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bayan likita ya fita ta matso bakin gadon, idonta jawur. "Da kin mutu a tabarmata, me zan ce wa mahaifiyarki? Ciwo abin kunya ne? Ni da nake yawo da nawa a bakin zani?" Na fashe da kuka. Ta bari na yi mai isata, sannan ta ce, "Amma dai kina da murya. Ni da na haife shi ban taɓa kama sunan nan ba, ke kuwa kin kira shi har mutanen kasuwa sun amsa."

Maigidana da ke tsaye a gefe ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Har yau jikina yakan yi sanyi in na tuna minti nawa ne tsakanina da kabari, a kan kunyar da ba ta da amfani. In na ji an ce wa wata "ungo, irin ciwona ne," gabana faɗuwa yake yi. Kuma har yanzu ban iya haɗa ido da surukina ba, daga nesa nake durƙusawa.

Inna kuwa ta daina ba kowa magani. Zuwanmu na ƙarshe wata maƙwabciya ta shigo roƙon ƙwaya ɗaya, wai kanta na sarawa. Inna ta ce, "Je ki asibiti, baiwar Allah. Kin ga wannan? Saura ƙiris in kashe ta." Ta gyara zama, ta fara ba ta labarin tun daga murhu, ina zaune kaina a ƙasa, ina addu'ar ta tsallake wajen ihun. Ba ta tsallake ba.