Hannun Malam Maharazu da Kyanwar Iya Laraba

Da hantsi za ka ga Malam Maharazu ya ɗaure akwatin allura a bayan keke, ya nufi rugagen Kafur. Don duba shanu hukumar En'e ta ɗauke shi aiki, amma bai taɓa iya wuce kyanwa bai tsuguna ya shafa cikinta ba. 'Yan kasuwar Malumfashi suka laƙaba masa Likitan Mage, shi kuwa ya amsa abinsa.

Shi ya nuna mana ƙari ba baƙo ba ne a jikin kyanwa. Ya ce a riƙa laluba nonon wadda ta tsufa, can ya fi fitowa. Farar kyanwa kuma a hana ta kwanciya a rana, don bakin kunnenta ciwon ke fara ci. Wadda aka kai masa da wuri sai ya yanke ya ɗinke, ta koma gadin rumbu.

Ta Iya Laraba, wata tsohuwar Bamagujiya a Gozaki, ita ce bai gani da wuri ba. Shekarar da aka yi wa shanu allurar cutar bushiya ya tarar da kyanwar a gindin rumbu, ƙarin ya fashe, ƙudaje sun yanyame ta, ko ruwa ba ta iya lasa. An sa ta a buhu an kai ta bayan rafi, ta rarrafo ta dawo. Ba mai iya raba ta da wahalar, domin a nan Bamaguje da Musulmi duk sun yarda wanda ya kashe kyanwa hannunsa zai yi ta rawa har kabari.

"Malam, tun rasuwar maigidana ita ke kwana a ƙafata," in ji Iya Laraba. "Na kasa kallonta haka. Amma kai da hannun nan kake ci."

Gaskiya ta faɗa. Wane Bafulatani zai miƙa saniyarsa ga mai rawar hannu? Gabansa ya faɗi, don shi ma da jin wannan maganar ya tashi. Ya daɗe yana kallon tafinsa.

"Iya, shiga ɗaki. In da alhaki, yana wuyana."

Ya yi wa kyanwar allurar barcin da ba tashi, ya haƙa mata rami da kansa.

Bana, 1968, ya ajiye aiki, kuma ga hannun yana rawa. Shi ya ce tsufa ne, masu tsegumi suka ce ai dama an faɗa. Da labari ya kai Gozaki, Iya Laraba ta sa aka ɗora ta a jaki har ƙofar gidansa, ta kama hannayen biyu ta riƙe gam.

"Ko tsufa ne ko kyanwata ce, rawar nan tawa ce ka ɗaukar mini."

Kai ne, Malam, ka ji tsoro kamar kowa, amma tausayi ya fi ƙarfinka. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma da kuka gaji kekensa, in kun gama da garke, ku leƙa gindin rumbu.